Karayar Arzikin Flying J: Faɗuwar Farashin Mai da Yankewar Kuɗin Hannu a 2008

A ranar 22 ga Disamba 2008 kamfanin Flying J, wanda hedikwatarsa ke birnin Ogden na jihar Utah a yammacin Amurka, ya shigar da takarda gaban kotun karayar arziki da ke jihar Delaware yana neman kariya daga masu binsa bashi, shi da rassansa masu kula da matatun mai da bututu. Kamfanin ba ƙarami ba ne, domin cinikinsa na shekarar 2007 ya haura dala biliyan 16, ma'aikatansa sun kai kimanin 16,000, yana da zangon manyan motoci kusan 250 a Amurka da Kanada, kuma mujallar Forbes tana lissafa shi cikin manyan kamfanoni ashirin na ƙasar waɗanda ba a sayar da hannun jarinsu a kasuwa. Shugabanninsa sun ɗora alhakin abin da ya faru a kan abubuwa biyu, wato faɗuwar farashin ɗanyen mai cikin ƙanƙanin lokaci da tsukewar hanyoyin samun rance. Wannan bayani gaskiya ne, sai dai bai gamsar ba, saboda manyan abokan gogayyarsa, Pilot da Love's, sun sayar da irin man da yake sayarwa ga irin direbobin da yake sayar wa, a cikin watannin nan guda, amma babu wanda ya je kotu a cikinsu.

Zangon manyan motoci a Amurka yana yin aikin da garuruwa irin su Tafa da Mararrabar Jos ke yi wa direbobin tirela da tanka, illa dai a can kamfani ɗaya ne ke mallakar komai a cikin fili ɗaya: famfunan dizal, da wurin ajiye motoci ɗari ko fiye, da gidan abinci, da banɗakin wanka, da kanti, da ma'aunin nauyin kaya. Sana'ar ta bunƙasa ne bayan dokar 1956 wadda ta kafa manyan hanyoyin da suka haɗa jihohin ƙasar, kuma abin da ke riƙe da ita shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin kayan da ake jigila a Amurka a kan manyan motoci suke tafiya. Dokar tarayya ta ƙayyade wa direba awa 11 na tuƙi, sannan dole ya huta awa 10, don haka tsayawa a zango wajibi ne a kansa, kuma mota ɗaya tana iya shan galan 200 ko fiye a tsayawa guda (galan ɗin Amurka ya kusa lita huɗu). Ribar da ake samu a kan kowane galan 'yar kaɗan ce, yawan abin da aka sayar da kuma cinikin kanti da abinci su ne ke tara ta.

Wani abu da ya kamata a fahimta tun daga farko shi ne mai sayar da mai a famfo ba ya cutuwa da saukar farashi, galibi ma lokacin ne yake samun sararawa. Dalili kuwa shi ne farashin sari, wato wanda yake saye da shi daga defo, yakan sauka kowace rana tare da kasuwa, alhali farashin da ke rubuce a allon gidan mai yakan bi shi a hankali, sai tazarar da ke tsakanin biyun ta faɗaɗa. Man da ke cikin tankunansa na ƙarƙashin ƙasa bai wuce na 'yan kwanaki ba, don haka ko ya saye shi da tsada asarar ba ta da yawa, kuma kuɗin da yake buƙata domin cika tankunan yana raguwa. Matsakaicin farashin dizal a Amurka ya kai kusan dala 4.76 a kowane galan a tsakiyar Yulin 2008, ya dawo ƙasa da dala biyu da rabi kafin ƙarshen shekarar, kuma a wannan tsakanin masu gidajen mai da ba su da wata harka sai sayarwa sun ga alheri. Da Flying J ya tsaya a matsayin mai zango kawai, da wuya labarinsa ya bambanta da nasu.

Amma Flying J ya daɗe da wuce wannan matsayi. Jay Call, wanda ya taso a gidan masu sana'ar mai a jihar Idaho, ya kafa kamfanin a 1968 da gidajen mai huɗu, ya kuma sa masa suna daga harafin farko na sunansa da sha'awarsa ta tuƙa jirgin sama. Ya buɗe zangonsa na farko kusa da Ogden a 1979, kuma tun daga shekarun 1980 ya fara sayen matatu, ciki har da wadda ke North Salt Lake, wadda ya samu lokacin da ya sayi kadarorin kamfanin Husky na Kanada da ke Amurka. Manufar ita ce abin da masana harkar kasuwanci ke kira haɗe matakai, wato kamfani ɗaya ya riƙe sana'a daga rijiya zuwa matata, daga matata zuwa bututu, daga bututu zuwa famfo, domin kada ya dogara ga wani wajen samun kaya, kuma ribar da ake ci a kowane mataki ta zauna a gida. A kan wannan tafarki kamfanin ya kai ga mallakar rijiyoyin mai da iskar gas, da ayarin tankokinsa, da katin da kamfanonin jigila ke biyan kuɗin mai da shi, har da banki na kansa a Ogden mai ba wa direbobi da masu motoci rance. Wani kaso mai yawa na zangunan kuwa ya mallake su ne tare da kamfanin Conoco, rabi da rabi. Jay Call ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Maris na 2003, ragamar gudanarwa tana hannun J. Phillip Adams, wanda ya daɗe yana shugabantar kamfanin.

A shekarun da suka biyo bayan rasuwar Jay Call ne aka yi manyan sayayya biyu waɗanda daga baya suka zama tushen matsalar. Ta farko ita ce matatar Bakersfield a jihar Kalifoniya, mai tace ganga kusan 70,000 a rana, wadda kamfanin Shell ya yi niyyar rufewa a 2004 har sai da 'yan siyasa da hukumomin jihar suka matsa masa lamba ya sayar, saboda tsoron tashin farashin fetur. Flying J ya saye ta a 2005 ta hannun reshensa Big West. Abin lura shi ne matatar da babban kamfani irin Shell ya ga gara ya rufe ba ta rasa dalili ba: tsohuwa ce, ɗanyen man yankin mai kauri ne, kuma ba ta da isassun na'urorin da za su mayar da dukkan abin da take tacewa zuwa fetur da dizal masu cika sharuɗɗan Kalifoniya, waɗanda suka fi na kowace jiha tsauri. Domin gyara wannan ne Big West ya tsara aikin faɗaɗawa na ɗaruruwan miliyoyin daloli, wanda ya ci kuɗi mai yawa tun kafin ya fara mayar da ko sisi. Ta biyu ita ce bututun Longhorn, mai tsawon mil 700, sama da kilomita 1,100, wanda ke kai tataccen mai daga Houston zuwa El Paso a jihar Tekzas, kuma kamfanin ya saye shi a 2006. Bututu ba ya aiki sai an cika shi daga baki zuwa baki, kuma man da ke kwance a cikinsa dukiya ce da aka biya kuɗinta, wadda ba za a iya fitarwa a sayar ba muddin ana son ya ci gaba da gudana.

Ɗanyen mai ya kai dala 147 a kowace ganga a ranar 11 ga Yuli 2008, mafi tsada a tarihi a lokacin, sannan ya juya. Tattalin arzikin Amurka ya riga ya shiga koma-baya tun Disambar 2007, man da ƙasar ke sha ya ragu da kusan kashi 6 cikin 100 a 2008, kuma bayan rushewar bankin Lehman Brothers a ranar 15 ga Satumba masu zuba jari suka riƙa sayar da duk abin da ke hannunsu domin su sami tsabar kuɗi. Ƙungiyar OPEC ta rage haƙo mai sau da dama, na ƙarshe a taronta na Oran a Aljeriya ranar 17 ga Disamba, inda ta yanke ganga miliyan 2.2 a rana, amma hakan bai hana ganga sauka ƙasa da dala 40 ba a makon da Flying J ya je kotu. Wato cikin wata biyar mai ya rasa kusan kashi uku cikin huɗu na darajarsa.

Hanyar da wannan faɗuwa ta bi ta kai ga wuyan kamfanin ita ce tsarin rancen da masu matatu ke amfani da shi wajen juya kaya. Matata tana sayen ɗanyen mai yau, a kawo shi, a tace, a ajiye, a tura ta bututu, a sayar, sannan kuɗi ya dawo bayan makonni, kuma a duk tsawon wannan lokaci akwai miliyoyin ganguna da aka biya kuɗinsu da rance. Bankuna suna ba da irin wannan rance ne a kan jingina, jinginar kuwa ita ce man kansa da kuɗin da abokan ciniki ba su riga sun biya ba. Yarjejeniyar takan ƙayyade cewa abin da kamfani zai iya ranta ba zai wuce wani kaso na darajar jinginar ba, kuma ana sake lissafa wannan daraja a kai a kai bisa farashin kasuwa na ranar lissafi, ba bisa farashin da aka sayi kayan ba. Idan aka ɗauki misalin kamfanin da ke riƙe da ganga miliyan ɗaya, jinginarsa ta kai dala miliyan 147 a watan Yuli, amma a Disamba gangunan nan dai ba su kai dala miliyan 40 ba, alhali bashin da aka ci domin sayensu yana nan yadda yake. A nan sai banki ya aiko da abin da ake kira kiran cike giɓi, wato ko dai a ƙaro jingina ko a biya bambancin da tsabar kuɗi cikin 'yan kwanaki. Muddin farashi na hawa wannan tsari yana ƙara wa kamfani ƙarfin rance kowane wata, har ya ji kamar arzikinsa ne ke ƙaruwa, idan kuma ya juya sai ya riƙa janye kuɗin da sauri daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Matsin bai tsaya ga bankuna ba. Masu sayar wa matata ɗanyen mai sukan ba da kaya a biya daga baya, bisa amincewa ko bisa takardar lamuni daga banki, kuma da zarar sun ji ƙishin-ƙishin cewa mai saye yana cikin ƙunci sai su gajarta wa'adin biya ko su nemi kuɗi hannu kafin su saki ganga ɗaya. Ga kuma ribar tacewa, wato bambancin da ke tsakanin farashin ɗanyen mai da na abin da aka tace daga gare shi, wadda ta lalace a ƙarshen 2008 har aka sami ranakun da gangar fetur a kasuwar sari ta fi gangar ɗanyen mai arha. Matatar da ta sayi ɗanye da farashin makonni uku da suka wuce, ta sayar da tatacce da farashin yau, asara take yi sau biyu.

Akwai hanyar da 'yan kasuwar mai ke bi domin kare kansu daga irin wannan, ita ce cinikin gaba: mai riƙe da kaya ya ƙulla yarjejeniya a kasuwar New York cewa zai sayar da adadi kaza a wata mai zuwa bisa farashin da aka tsayar yau, ta yadda idan darajar kayan da ke tankinsa ta faɗi ribar yarjejeniyar za ta rufe asarar. Sai dai wannan kariya ita ma tana cin tsabar kuɗi, domin kasuwar tana daidaita lissafi kowace rana, kuma duk wanda farashi ya saɓa wa matsayinsa dole ya ajiye ƙarin kuɗi nan take. Abin da ya kayar da kamfanin SemGroup na birnin Tulsa ke nan a ranar 22 ga Yuli 2008, wata biyar cif kafin Flying J, bayan ya yi asarar kimanin dala biliyan 2.4 a yarjejeniyoyin da ya ƙulla bisa tsammanin farashi zai sauka, shi kuwa ya yi ta hawa. Kamfanonin biyu sun faɗi a shekara ɗaya, ɗaya saboda hawan farashi ɗaya saboda saukarsa, abin da ke nuna cewa alkiblar da farashin ya fuskanta ba ita ce ainihin haɗarin ba. Haɗarin yana cikin saurin motsin da kuma ƙarancin kuɗin da aka ware domin jure shi.

A shekara irin ta kullum kamfani mai kadarori kamar Flying J zai iya zuwa wani banki ya jinginar da zangunansa ya karɓi rancen da zai toshe giɓin, ko ya sayar da wani reshe cikin natsuwa. A watannin Oktoba zuwa Disamba 2008 bankunan kansu suna neman wanda zai cece su, gwamnati na zuba musu kuɗi daga asusun dala biliyan 700 da majalisar dokoki ta amince da shi a farkon Oktoba, kuma babu mai sha'awar ƙara wa matatar mai rance. Kasancewar kamfanin na iyali ne, ba ya kasuwar hannun jari, ya sa ba shi da hanyar tara sabon jari cikin gaggawa. Masana harkar kuɗi suna bambanta yanayi biyu da a baki ake haɗa su wuri ɗaya. Akwai tsiyacewa, inda bashin da ake bin mutum ya fi duk abin da ya mallaka, akwai kuma yankewar kuɗin hannu, inda dukiyarsa ta fi bashinsa amma ba zai iya mayar da ita kuɗi a ranar da aka nemi biya ba. Abin da ya biyo baya ya tabbatar da cewa na biyun ne ya sami Flying J.

Dokar karayar arziki ta Amurka, wadda aka yi a 1978, ta tanadi hanyoyi daban-daban, kuma biyu ne suka shafi kamfanoni kai tsaye. A ƙarƙashin Babi na 7 ana rufe kamfani, a naɗa wakili ya sayar da kayansa a raba wa masu bashi. A ƙarƙashin Babi na 11, wanda Flying J ya zaɓa, kamfanin yana ci gaba da aiki a hannun shugabanninsa amma bisa kulawar alƙali, kuma daga lokacin da aka shigar da takarda duk wani yunƙuri na ƙwace jingina ko kai ƙara domin karɓar tsohon bashi yana tsayawa. Doka ta ba kamfanin damar cin sabon rance wanda za a fara biya kafin tsofaffi, domin a samu mai yarda ya ba shi, sannan masu bin bashin da ba su da jingina sukan kafa kwamiti mai sa ido a madadinsu. Kamfanin ne ke da haƙƙin fara gabatar da tsarin biya, a jefa masa ƙuri'a, kotu ta tabbatar. Saboda haka direban da ya tsaya a zangon Flying J a daren Kirsimetin 2008 ya tarar da famfo na aiki da abinci a kan wuta kamar kullum, domin abin da dokar ke neman karewa shi ne darajar sana'a mai tafiya, wadda ta fi darajar ginin da famfunan idan aka sayar da su a gwanjo.

A farkon 2009 Adams ya sauka, Crystal Call Maggelet, 'yar wanda ya kafa kamfanin, wadda kafin nan take gudanar da otal-otal nata, ta karɓi shugabanci. Abin da ta yi shi ne warware haɗin matakan da aka shafe shekara talatin ana ginawa. An dakatar da tacewa a Bakersfield a farkon 2009 saboda babu kuɗin sayen ɗanyen mai, kuma a 2010 kamfanin Alon USA ya sayi matatar a kan dala miliyan 40. Bututun Longhorn ya tafi ga Magellan Midstream Partners a watan Yulin 2009 a kan dala miliyan 250, ban da kuɗin man da ke cikinsa, wanda shi kaɗai aka ƙiyasta shi a kusan dala miliyan 100, adadin da ke nuna yawan dukiyar da ta kwanta a cikin ƙarfen. Rijiyoyin mai da iskar gas kuma kamfanin El Paso ya saye su a ƙarshen 2009 a kan sama da dala miliyan 100.

Duk waɗannan ba su isa ba sai da aka taɓa zangunan kansu, waɗanda ba su da laifi a cikin matsalar kuma su ne kadara mafi daraja. A watan Yulin 2009 aka sanar da yarjejeniya da Pilot na birnin Knoxville a jihar Tennessee, kamfanin da Jim Haslam ya kafa a 1958, wanda Flying J ke shari'a da shi a lokacin kan zargin ƙaurace wa katinsa na biyan kuɗin mai. Pilot ya ba da rancen dala miliyan 100 domin kamfanin ya ci gaba da numfashi, sannan a tsakiyar 2010 aka kammala haɗewar da aka ƙiyasta a dala biliyan 1.8, aka kuma sayi rabin da Conoco, wanda a lokacin ya zama ConocoPhillips, ke da shi a zangunan. Sabon kamfanin, Pilot Flying J, ya fito da zanguna sama da 550. Hukumar tarayya mai kula da gasa a kasuwanci ta lura cewa manyan kamfanonin jigila masu tafiya daga wannan gaɓar teku zuwa waccan ba sa ciniki da zango ɗaya ɗaya, suna ƙulla yarjejeniyar ragi ne da wanda ke da rassa a duk faɗin ƙasa, kuma irin waɗannan masu sayarwa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Don haka ta gindaya sharaɗin a sayar wa Love's zanguna 26. Flying J ya fita daga kotu a watan Yulin 2010 bayan ya tanadi biyan masu binsa bashi cikakken kuɗinsu, abin da ba kasafai ake gani ba a irin wannan shari'a, inda masu bashin da ba su da jingina sukan koma da ɗan wani kaso, masu kamfani kuma hannu rabbana.

Wannan sakamako ya sa ra'ayi ya rabu a kan abin da ya faru. Masu ganin tsautsayi ne kawai suna cewa babu wani tsarin kasuwanci da aka gina domin jure faɗuwar kashi 75 cikin 100 a wata biyar tare da rufewar bankuna, kuma biyan bashin gaba ɗaya hujja ce cewa kamfanin lafiyayye ne wanda guguwa ta rutsa da shi. Akwai ƙanshin gaskiya a nan, amma hujjar ta manta abubuwa biyu. Na farko, mai ya farfaɗo zuwa kusan dala 70 a tsakiyar 2009 da kusan dala 80 a ƙarshenta, kuma wannan farfaɗowa ta ɗaga darajar kayan da aka sayar, da farashin ya zauna a dala 35 na tsawon shekara da lissafin ya sha bamban. Na biyu, an biya bashin ne da sana'ar da iyalin suka gina tun 1979. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne cewa kamfanin ya ɗauki ayyuka masu buƙatar jari na shekaru, irin su gyaran tsohuwar matata da cika bututu, alhali kuɗin da yake juyawa da su na gajeren wa'adi ne, waɗanda masu su ke iya janyewa da zarar darajar jingina ta motsa. Haɗe matakai yakan ba da kariya ga manyan kamfanoni irin ExxonMobil, waɗanda ke da tarin tsabar kuɗi kuma asarar wani sashe ribar wani ke rufe ta, amma ga kamfani matsakaici sai ya zama rijiya da matata da bututu duk sun dogara ga farashi guda, suka kuma faɗi a rana guda.

Waɗanda ke da kuɗi a hannu a wannan lokaci sun ci riba daga abin da ya kayar da Flying J. A ƙarshen 2008 da farkon 2009 farashin man da za a kawo bayan wata shida ko shekara ya fi na yau tsada sosai, don haka 'yan kasuwa masu hanyar rance suka riƙa sayen mai da arha, su ajiye a tankuna har da manyan jiragen ruwa da aka tsayar a teku, su sayar da shi a cinikin gaba da tabbatacciyar riba. Magellan kuwa ya juya alkiblar Longhorn a 2013, ya mayar da shi mai ɗauko ɗanyen mai daga yankin Permian na yammacin Tekzas zuwa Houston, daidai lokacin da haƙo mai daga duwatsun yankin ke bunƙasa, sai bututun da aka sayar cikin matsi ya zama kadara mai kawo kuɗi sosai. Asarar da ba ta shiga lissafin kotu ba kuwa ta faɗa ne a kan ma'aikatan Bakersfield da 'yan kwangilar da ke cin abinci a matatar, da kuma ƙananan masu motoci, waɗanda ba su da yawan da za su nemi ragi kuma aka rage musu mai sayarwa ɗaya da aka sani da karya farashi.

Faɗuwar farashin nan ta yi irin wannan aiki a Najeriya ta wata ƙofa. 'Yan kasuwa masu shigo da tataccen mai sun ci rancen bankuna sun yi odar kaya lokacin tsada, kayan suka iso bayan farashi ya karye, naira kuma ta sauka daga kusan 118 zuwa kusan 150 a kan dala tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. Lokacin da Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a ranar 14 ga Agusta 2009 ya kuma zuba musu naira biliyan 420, basussukan harkar mai da na sayen hannun jari su ne manya a cikin waɗanda suka ƙi biyuwa.

Abin da ya rage a hannun iyalin Call bayan shari'ar shi ne matatar North Salt Lake, da bankin Ogden, da wani kaso a sabon kamfanin. Sun sauya suna zuwa FJ Management, kuma a 2012 suka sayi Maverik, jerin gidajen mai da kantuna wanda Reuel Call, ɗan'uwan mahaifin Jay Call, ya kafa, wato suka koma sana'ar sayarwa a famfo. Sunan Flying J yana nan a kan alluna a bakin manyan hanyoyi, amma mallakarsa ta sake sauya hannu: kamfanin Berkshire Hathaway na Warren Buffett ya sayi kashi 38.6 cikin 100 na Pilot a 2017, ya kai shi kashi 80 a 2023, lokacin da FJ Management ya fita gaba ɗaya, sannan ya karɓi ragowar daga iyalin Haslam a watan Janairun 2024. Matatar Bakersfield ba ta sake komawa cikakken aikinta na tace ɗanyen mai ba, kuma a 2020 wani kamfani ya saye ta da niyyar mayar da ita wurin sarrafa dizal daga man tsirrai.